Jirgin Kara da Jirgin Ƙaura

Idan kaka ta yi a ƙasar Gobir, aka yanke gero da dawa, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, abin da kan rage a gona shi ne kara. Manya su ɗebi na darni, mata su ɗebi na girki, dabbobi su cinye karmami, saura kuwa na yara ne. A Gangara da sauran garuruwan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, kamar yadda al'ada ta ke ko'ina cikin ƙasar Hausa, yaro ya kan zauna gindin darni da 'yar wuƙa ko tsohuwar reza, ya ɓare ɓawon kara, ya fid da totuwa, ya yayyanka ta, ya soke wannan da wancan da tsinken ɓawon, kafin la'asar sai ga mota tsaye bisa ƙafafunta. Wanda ya fi gwaninta ba ya tsayawa kan mota. Sai ya ƙera kai mai bututun hayaƙi, ya jera masa taragai uku ko huɗu a baya, ya ɗaura zare ya ja, yana kukan jirgin ƙasa da bakinsa, ƙanne suna biye suna ƙura.

Abin da ke da ban mamaki cikin wannan wasa shi ne, jirgin ƙasa bai taɓa taka ƙasar Sabon Birni ko ta Isa ba. Hanyar dogo ta iso Kano a 1911, bayan aikin diga mai tsanani wanda aka tara dubban talakawa a kansa, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi masa waƙa da ajami, wadda aka sani da Waƙar Diga. Daga baya aka fid da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Nan ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba, bai kuma juyo arewa ba. Sabo da haka Ƙaura ta zama ita ce bakin dogo ga dukan mutanen gabashin Sakkwato. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suna bin hanyar Sabon Birni, Isa, Shinkafi su sauka Ƙaura, da fari bisa jakuna da raƙuma, daga baya cikin manyan motoci. Gishiri da kananzir da goro da yadi su kuma su hauro ta wannan hanya.

To, ta hanyar nan kamannin jirgi suka iso Gangara. Falke ya je Ƙaura ya gani, ɗan ci-rani ya hau shi zuwa Zariya ko Kano ko ma Ikko, suka komo da damina suna ba da labari a dandali: wani abu ne baƙi ƙirin mai cin gawayi da shan ruwa, yana fid da hayaƙi ta ka, yana jan ɗakuna a jere, kukansa kuma ana jinsa tun daga nesa. Yaro ya ji, ya tafi ya ƙera abin da kunnensa ya gani. Shi ya sa jirgin kara ya kan zo da dogon bututu fiye da kima, da ƙafafu huɗu kamar na mota, domin mai ba da labari ya daɗe kan hayaƙi, bai ce kome ba game da ƙafafu.

Da kayan kanti suka yawaita sai aikin ya ƙaru. Gwangwanin madara, in an kwantar da shi, ya yi daidai da tukunyar kan jirgi. Gwangwanin kifi kuwa tarago ne tun daga inda aka yi shi, sai dai a huda shi da ƙusa a sa masa ƙafa. Ƙafafu da can daga sakaina a ke fafe su, sa'an nan aka koma marfin kwalba da tsohon silifa. Yaran birni, inda a ke kwance dilar kaya, su suka sami langa-langa suna lanƙwasawa. Wani ya kan cusa tsumma cikin bututu ya sa masa garwashi don hayaƙi ya fita, abin da ya jawo wa yara da yawa bulala, domin darnin kara da wuta ba su shiri.

Mai karatu zai ce ai wannan wasan yara ne, wa zai ɓata takarda a kansa? Amma fa a waɗansu ƙasashe wannan abu ya tashi daga hannun yara ya koma na dattawa, har da likitoci da alƙalai da tsofaffin ma'aikatan reluwe, suna kashe masa kuɗi da shekaru. A Jamus akwai wani kamfani, Märklin, wanda a 1891 ya nuna a kasuwar baje kolin Leipzig ɗan jirgi da a ke wanawa kamar agogo, tare da guntayen dogo masu faɗi ɗaya da za a iya harhaɗawa a ƙara. Wannan shi ne mafarin abin, domin daga ran nan wanda ya sayi jirgi bana zai komo baɗi ya sayi ƙarin hanya da tarago, ya tabbata za su dace. A Amurka kamfanin Lionel ya kafu a 1900, ya yi suna da jirage masu tafiya da lantarki. A Ingila Frank Hornby, mutumin Liverpool, ya fito da jiragensa na wani a 1920, sa'an nan a 1938 kamfaninsa ya kawo ƙanana na lantarki waɗanda a ke iya shimfiɗawa bisa tebur. Masu sha'awar abin suka kafa ƙungiya a Landan tun 1910. Na Amurka kuma suka kafa tasu ta ƙasa duka a 1935, babban aikinta shi ne daidaita awo, don taragon wannan maƙeri ya hau hanyar wancan, ya kuma ƙullu da taragonsa.

Mafi girman irin wannan shimfiɗa a duniya tana Hamburg ta ƙasar Jamus, sunanta Miniatur Wunderland. Waɗansu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe ta a 2001 cikin tsohon gidan ajiyar kaya na bakin ruwa. Dogon da ke ciki in an miƙe shi ya wuce kilomita 15, da birane da duwatsu da gadoji, har da filin jirgin sama, ana kuma rage fitilu lokaci lokaci don dare ya yi, gari ya waye. Mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo.

Abin da ya raba wannan da jirgin kara ba tsada ba ce, awo ne. Yaro yana ƙera tarago gwargwadon gwangwanin da ya samu. Su kuwa waɗancan sai sun yanke tukuna sau nawa za a rage kome, sa'an nan ba wanda ya isa ya ƙetare wannan hukunci, ko mutum ko doki ko tukunya. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda a ke kira HO, watau a raba kowane abu gida 87 a ɗauki ɗaya. Bisa wannan awo, ƙato mai tsawon ƙafa 6 ba ya cika inci guda, mil guda kuma ya koma ƙafa 60 da 'yan kai. Tsakanin dogo da dogo milimita 16.5 ne. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, N, kashi ɗaya cikin 160, faɗin hanyarsa milimita 9. A 1972 ma Märklin ya fito da Z, ɗaya cikin 220, wanda kan jirginsa bai fi ɗan yatsa ba.

Turawan Ingila kuwa sun yi wata dabara da har yanzu masu tsanani a cikinsu ke gunaguni a kanta. Jiragen ƙasarsu na gaske ba su kai na Jamus da Amurka jiki ba, da aka rage su gida 87 sai injin lantarki na wancan zamani ya ƙi shiga ciki. Maimakon su jira a ƙera ƙaramin inji, sai suka faɗaɗa gangar jikin zuwa ɗaya cikin 76, suka bar hanya yadda ta ke. Shi ne OO. Watau jirgin ya fi hanyarsa girma kaɗan, kamar babban mutum bisa ƙaramin jaki, amma ido ya saba, an kuwa daɗe da samun ƙaramin inji ba a gyara ba.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa. Dogayen nan biyu su ne wayoyin wuta. Ana sa musu lantarki mai rauni, wajen bolt 12, wanda ba ya cutar mai taɓawa. Ƙafar dama ta ɗauki wuta daga dogo ɗaya, ta kai wa ɗan inji a cikin kan jirgi, ta komo ta ƙafar hagu zuwa ɗaya dogon. Dole a raba ƙafar dama da ta hagu da roba a jikin sandar da ta haɗa su, in ba haka ba wuta ta yanke hanya, jirgi ya ƙi motsi. In aka ƙara wuta ya yi gudu, in aka juya kan wayoyi ya koma da baya. Duk yaron da ya taɓa cire inji daga mataccen rikoda ya haɗa shi da batir ya riga ya san rabin wannan karatu.

Rabin da ya rage shi ne leɓe. Ƙafar jirgin ƙasa tana da wani leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta kada ta zame daga dogo, shi ya sa direban jirgi ba shi da sitiyari. Jirgin kara ba shi da wannan, don ba shi da hanya, zare ke yi masa jagora. Ranar da mai ƙira ya ce zai ɗora jirginsa bisa dogo, ran nan wahala ta fara, domin sai kowace ƙafa ta zama da'ira sosai, sai faɗin hanya ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, sai kwana ta zama mai faɗi, hawa kuma ya zama na sannu. Kuskuren da bai fi kaurin farce ba ya isa ya kayar da tarago. Nan ne mafi yawan masu farawa su kan gaji.

Amma gwanayen abin ba su ɗauki tafiyar jirgi a bakin kome ba, wannan ai na kanti ma yana yi. Abin alfaharinsu shi ne a dubi shimfiɗa a ce wannan wuri kaza ne, a shekara kaza. Mutum ya kan zaɓi tasha guda, ya nemi tsofaffin hotunanta, ya je ya auna abin da ya rage na gininta, ya tambayi tsofaffin ma'aikata, ya shekara biyar ko goma yana gina ta bisa katako. Ya sayo tarago sabo ful yana ƙyalli, ya zauna ya ɓata shi da gangan, ya shafa masa launin tsatsa da na ƙura da baƙin hayaƙi, don jirgin da ke aiki ba ya zama da tsabta. Wani ya sayi taragai biyu ya yanka su ya haɗa ya fid da irin da ba a sayarwa. Wanda a ke girmamawa fiye da kowa shi ne mai ƙera abinsa tun daga tushe, da farantin tagulla da dalma da katako da kwali, bai sayi kome ba sai inji da ƙafafu.

To, a nan ne maganar ta komo gida. Wanda duk ya so ya yi jirgin Ƙaura, ba shi da zaɓi sai ya shiga sahun waɗannan na ƙarshe, domin manyan kamfanonin nan jiragen ƙasashensu su ke ƙerawa, na Jamus da Ingila da Amurka. Har hanyar ma ba ta dace ba. Tasu ta gaske faɗinta ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ita ce in an raba gida 87 ta ba da milimita 16.5. Tsohuwar hanyar Nijeriya kuwa, wadda ta zo Ƙaura, ƙafa 3 ce da inci 6. In an raba ta gida 87 sai ta ba da milimita 12 da ɗan ɗigo, sai a nemi hanya mai milimita 12, wadda akwai ta amma ba ta da yawa. Mutanen New Zealand, waɗanda hanyarsu faɗinta ɗaya da ta Ƙaura, suka sami mafita mai kyau. Suka ce a bar hanyar kanti mai milimita 16.5 yadda ta ke, a ƙera jirgin bisa awon ɗaya cikin 64, sai lissafi ya fita kusan daidai. Bisa wannan awo mutum ya kan ɗara inci guda kaɗan, girman da hannu zai iya sarrafawa ba tare da madubin ƙara gani ba. Buhun gyaɗa kuma, in an rage shi gida 64, ya kan komo kamar ƙwayar gyaɗa guda.

Sauran kayan aikin ba sai an aika Turai ba. Tinka na kasuwar Isa ko Shinkafi, wanda ke yanka gwangwani ya liƙe da dalma ya yi fitila aci-balbal da mazurari, aikin da ya ke yi shi ne ainihin aikin ƙera gangar kan jirgi. Maƙerin farfaru da ke zuba zobe da munduwa zai iya zuba ƙafa mai leɓe in an ba shi samfuri. Yashin gulbi, in an tankaɗe shi da rariya aka ɗauki tsaka-tsaki, shi ne tsakuwar ƙarƙashin dogo, ƙaro kuma ya riƙe shi. Turawa suna sayen garin launi cikin kwalba don su yi ƙasa, alhali jar ƙasa da farar ƙasa da toka suna nan bayan gida. Yumɓu ya yi soro da ganuwa da rumbu. Waya in an murɗa ta da yawa aka ware kanta aka shafe ta da yumɓu ta zama kuka, wadda ba ta da wuyar kwaikwayo da rani tun da ba ganye. Totuwar kara kuwa, wadda aka fara da ita, ta fi kome dacewa da dilolin auduga, ɓawonta kuma ya yi darni da katakan da ke gicciye ƙarƙashin dogo.

Abin da ba a samu a kasuwa shi ne sanin yadda wurin ya ke. Bayan Yaƙin Duniya na biyu an kawo wa Nijeriya waɗansu kawunan jirgi daga Ingila waɗanda aka laƙaba wa sunayen koguna, suna cikin na ƙarshen masu cin gawayi kafin na man dizal su karɓe aiki. Hotunansu suna nan cikin littattafai, akwai kuma ɗan gidan tarihin reluwe a Ebute Metta ta Ikko. Amma wanda ke ɗaukar hoto a wancan zamani kan jirgi ya ke so, ba ya juyawa ya ɗauki mai tallan fura, ko inda raƙuma ke durƙusawa a sauke musu kaya, ko inda 'yan dako ke jera buhuna, ko rumfar da fasinjan Gobir ke kwana suna jiran jirgin safe. Waɗannan suna cikin kawunan tsofaffi kaɗai, tsofaffin kuwa suna ƙarewa.

Jirgin ma ya riga su tafiya. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin da ya ke rayuwa a kansa, manyan motoci suka kwashe abin da ya rage, daga shekarun 1980 reluwe ta yi ta ja da baya har kukan jirgi a Ƙaura ya zama abin ba da labari. Yaron da aka haifa bayan nan ba ya jin falke na zancen jirgi, sabo da haka ya koma ƙera tirela da tankar mai da babur, daga baya kuma kayan roba masu araha suka cika kasuwa, ƙirar kanta ta ragu.

Sa'an nan wata masifa ta zo wadda ta fi wannan. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, a 2020 abin ya yi tsanani, Gangara tana cikin garuruwan da aka kai wa hari, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Inda ba a yi noma ba babu kara, inda kuma a ke rufe ƙofa tun magariba babu dandali, balle tsoho ya zauna ya siffanta wa jikoki tashar da ya gani yana saurayi. Wannan ƙaramar hasara ce in an gwada ta da rayuka da dukiya, ba mai cewa ba haka ba. Amma tana cikin lissafi, domin a gindin darnin nan ne yaro ke fara koyon auna abu da ido, da haƙurin sake abin da ya karye, kuma da yawa daga cikin makanikai da masu walda na ƙasar nan daga motar kara suka fara.

A watan Fabrairu na 1921 ba wanda ya san dogo zai tsaya a Ƙaura. A watan Fabrairu na 2021 kuwa aka aza harsashin wata sabuwar hanya daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, tsawonta wajen kilomita 284. Ita ma ba ta biyo ta Sabon Birni ba, sai dai ƙarshenta yana dab da Tsibiri, inda 'yan'uwan Gobirawan Sabon Birni su ke da sarautarsu. Faɗinta irin na Turai ne, ƙafa 4 da inci 8 da rabi, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda ya so kwaikwayon jirgin wannan hanya aikinsa da sauƙi, ya sayi na kanti mai awon 87 ya sake masa fenti. Mai son na Ƙaura shi ne zai ɗauki igiyar awo ya tafi tsohuwar tasha ya auna abin da ya rage, sa'an nan ya nemi wani tsohon ɗan dako ya tambaye shi ta wane gefe a ke loda gyaɗa, ina tankin ruwa ya ke tsaye, wane launi ne kuma taragon da talakawa ke shiga.